Magaryar da Aka Yi wa Aure a Paspanga

Ranar wata Asabar a ƙarshen kakar bana, ina cikin shirin safe, sai bakina ya suɓuce na ce wa masu saurare jiya mun tsinki tuffa a gidanmu har mun raba wa maƙwabta. Ban rufe baki ba waya ta yi ƙara. Wani dattijo ne daga Puytenga. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Ɗana, yaushe aka halatta ƙarya a rediyo? Na tsufa ina sayar da tuffa. A kwali take zuwa, jirgin ruwa ke sauke ta a Tema ko Lome. Ban taɓa ganin uwarta a ƙasar nan ba." Na buɗe baki ke nan zan ba shi amsa, mai kula da na'ura ya ɗaga mini yatsa, lokacin labarai ya yi. To Baba, ga amsar yanzu, tunda takarda ba ta da mai ɗaga yatsa.

Gaskiyarka ce. Itacen tuffa yana son sanyi na makonni masu yawa, irin wanda zai sa ya kakkaɓe ganye ya yi barci, sannan ya farka ya yi fure. Hunturunmu na Wagadugu, duk yadda muke ƙudundunewa a cikinsa, wasan yara ne a wurinsa. Tuffar da ake jerawa a tire a bakin titi baƙuwa ce, daga Afirka ta Kudu ko Faransa ko Maroko. Abin da muka tsinka magarya ce. Amma magarya ce da aka yi wa aure, 'ya'yanta sun kai ƙwan zabo, kore mai ɗaukar rawaya, in ka gatsa ka ji ƙaras, ga ruwa. Masana aikin gona suka raɗa mata suna da Faransanci, wai tuffar Sahel. Faransawa dai ba su da rowar wannan suna: dankalin Turawa tuffar ƙasa ce a bakinsu, yazawa ma tuffa ce.

Yadda aka yi magarya ta tsaya a tsakar gidan Bahaushe a Paspanga har ta kai munzalin aure, wannan shi ne labarin, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba.

Kakanninmu ba zama ya kawo su ƙasar Mosi ba, wucewa ce. Fatake ne da ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafin rini da jima, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Gurma, su gangara Gwanja, kasuwar Salaga, su sayo goro. Wani ayarin ya bi ta Kupela da Tenkodogo, wani ya ɓullo Wagadugu, fadar Moro Naba. Duk inda madugu ya ce a sauke kaya, nan ne zango. A 1892 yaƙin cikin gida ya tarwatsa Salaga. A 1896 sojan Faransa suka shiga Wagadugu, Moro Naba Wobgo ya bar fadarsa. A irin wannan juyin zamani ne da yawa cikin masu wucewa suka zama mazauna. Unguwar da suka fi taruwa ita ce Zangwetin, wato unguwar Hausawa da bakin Mosi, a tsakiyar gari kusa da babbar kasuwa. Daga can zuriya ta yi ta bazuwa zuwa unguwanni irin tamu.

To a nan akwai wata al'ada ta mutanen ƙasar da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin da ita nake karanta tarihin garin nan gaba ɗaya. A wurin Mosi, sarauta daban, ƙasa daban. Sarki yana mulkin mutane, amma ƙasa tana hannun mai ƙasa, wanda suke kira tengsoba, daga zuriyar waɗanda aka tarar tun farko. Baƙo in ya roƙi gona da wuya a hana shi, don abin kunya ne a hana mutum inda zai nemi abinci. Sai dai aro ne, kuma aron yana da sharaɗi. Shuka gero, shuka dawa, wake, gyaɗa, duk abin da za ka kwashe a kaka ɗaya. Amma kada ka dasa itace. Kaɗanya da ɗorawar da ka tarar a gonar ma, 'ya'yansu na masu ƙasa ne. Dalilin a fili yake. Gero in an girbe shi, ƙasa ta koma yadda take, ba wanda zai ce an yi. Mangwaro kuwa sai ya tsaya shekara hamsin yana faɗa wa duk mai wucewa sunan wanda ya dasa shi, wata rana jikoki su zo su ce nan na kakanmu ne, ga shaida. Ba Mosi kaɗai ke da wannan doka ba, ƙasashe da yawa na yankinmu haka suke. Mu ma da muka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, ai maganar ke nan.

Turawa su ne baƙin da ba su roƙi kowa ba. Da suka kafa mulkin mallakar Volta ta Sama a 1919, suka mai da Wagadugu hedkwata, sai suka shata tituna masu faɗi, suka jera musu maɗaci hagu da dama. Da aikin tilas aka dasa su, da aikin tilas aka yi musu ban-ruwa. Inuwar da muke fakewa a cikinta yau muna jiran jar wuta ta ba mu hannu, gumin wasu ce da ba a biya ba. Su ma Turawan sun san abin da itace ke faɗa, shi ya sa suka dasa. Dajin da ke maƙwabtaka da mu, wanda a da na sarakunan Mosi ne, a 1936 suka killace shi da doka. Shi ne aka miƙa wa hukumar gari a 2001, ake kiransa Bangr-Weoogo, dajin ilimi.

Kayan lambun Turawa kuma ta wata ƙofa suka shigo. 'Yan mishan na Katolika sun sauka Wagadugu a 1901, suka yi garkarsu, jami'an mulki su ma suna son ganin abincin gida a tebur. Kabeji, salati, karas, koren wake, duk a nan aka fara rainon su, kuma 'yan ƙasar da suka yi ƙwadago a wurin su ne suka fita da iri da sana'ar. Ba wai ba mu san lambu ba kafin nan. Albasa da yakuwa da rama da gauta da kuɓewa namu ne tun kaka da kakanni, kuma Bahaushe ya san jigo da komi tun kafin ya ga Bature. Abin da ya zo sabo shi ne cin ɗanyen ganye da mai da ruwan tsami. Kakata har ta koma ga Allah ba ta yarda salati abinci ba ne. Ciyawar zomo take ce masa.

Abin da ya mai da lambu sana'ar dubban mutane shi ne ruwan baraji. Madatsun ruwa uku ne a jere a arewacin tsakiyar gari, ana kiransu da lamba, na ɗaya, na biyu, na uku. Don ruwan sha aka yi su, lokacin da garin bai wuce tafin hannu ba. A shekarar samun 'yancin kai, 1960, mutanen Wagadugu wajen dubu 60 ne. A ƙidayar 2019 sun haura miliyan 2 da dubu 400. Nauyin shayar da gari ya koma kan Lumbila, daga baya kuma Ziga, wanda ruwansa ya fara isowa a 2004, amma barajojin cikin gari suna nan, kuma duk inda ruwa ya kwana mai fartanya zai same shi. Farin 1973 da na 1984 suka koro mutanen karkara, wanda bai sami aikin gadi ko dako ba sai ya gangara bakin ruwa. Haka lambunan Tangin suka cika, da na gefenmu, da na bakin babbar magudanar da ta ratso gari. A yamma kuma, Bulmiyugu ta yi suna da wani jan ɗan itacen Turawa mai kama da zuciya, firez a bakinmu, sitiroberi a bakin 'yan Najeriya, wanda ake nomawa tun shekarun 1970, har ana fita da shi ƙasashen maƙwabta.

Innata tana cikin wata ƙungiyar mata masu lambu tun ina goye. Hausawa ne da Mosi da Fulani biyu-uku, rijiyarsu ɗaya, adashensu ɗaya, kowace da komayenta. In ka tambayi takarda, filin na gwamnati ne. In ka tambayi tsofaffi, na wani gida ne na Mosi da ya riga baraji zama a wurin. Matan kuwa ba su da ko ɗaya, ba takarda ba gado. Abin da suke da shi alkawarin baki ne, da kwandon farin-shiga da suke kai wa tsohon gidan nan kowace kaka.

Shekararsu da ruwa take tafiya. Da damina baraji ya cika ya haɗiye gangare, sai su hau tudu su shuka kuɓewa da yakuwa da rama da gyaɗa, da 'yar masara a ɓoye a bayan shinge, domin hukumar gari ta sha hana shuka mai tsayi a cikin gari saboda sauro da ɓarayi. Ruwan sama na ɗaukewa a farkon Oktoba, aiki ya rincaɓe. Ka shigo gidanmu a wannan wata, ba inda za ka sa ƙafa: ga kuɓewa yankakkiya a tabarma, ga zoɓorodo ja wur a kan kwano, ga gyaɗa ana tsigewa, ga ganyen rama da na wake ana shanyawa don miyar rani. Wannan ita ce kakar farko. Ta biyu kuma ita ce mai kuɗi. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa, ruwan baraji ya fara ja da baya, sai matan su bi sawunsa, duk inda ya bari su ja komi su yi dashe. Salati wata ɗaya da 'yan kwanaki ya isa kasuwa. Kabeji da karas wajen wata uku. Ban-ruwa safe da yamma, gwangwani biyu, ɗaya a kowane hannu, sawu ba adadi. Duk yaron da ya tashi a gidan mai lambu kafaɗunsa sun san wannan lissafi. Zuwa Afrilu ruwa ya gudu can tsakiya, sai a haƙa rijiyoyi a cikin busasshen barajin, a bi shi ƙarƙashin ƙasa, har Allah ya kawo hadari.

A duk shekarun nan, a duk faɗin lambun nan, ban taɓa ganin an dasa mangwaro ko lemo ko gwaba ba. Sai zogale a bakin shinge, shi kuwa ba ya shiga lissafi, sanda ce mai ganye. Ba wanda ya kafa allo ya rubuta an hana. Kowa dai ya sani.

Ba zan ɓoye laifinmu ba don Inna na ciki. Ruwan magudana ƙazantacce ne, kuma akwai masu shayar da salati da shi. Akwai masu fesa wa kabeji maganin da aka yi don auduga. Kaftun da ake yi a gaɓa yana zubar da ƙasa cikin baraji, yana cike shi shekara bayan shekara, takin da ke gangarawa kuma yana ciyar da wannan kainuwar mai shuɗin fure da ke rufe fuskar ruwa. In hukuma ta ce a ja da baya daga bakin ruwa, ba zalunci ne zalla ba, akwai hujja. Sai dai abin da na kasa samun wanda zai amsa mini a duk hirarrakin da na yi shi ne: wanda aka ce masa ko gobe yana iya tashi, don me zai ɗaure rijiya da siminti, ya jera duwatsun tare zaizaya, ya dasa itacen da saiwarsa za ta riƙe gaɓar? An hana shi abin da zai gyara wurin, sannan ana tuhumarsa da ɓata wurin.

Mutum ɗaya ne a tarihin ƙasar nan ya juya wannan magana, ko da na ɗan lokaci ne. Ban ga zamanin Toma Sankara ba, a bakin iyaye na ji shi, kuma ba duka ne ke yabonsa ba. Ya hau mulki ranar 4 ga Agusta 1983. A 1984 ya sauya wa ƙasa suna zuwa Burkina Faso, a shekarar kuma aka yi dokar da ta mai da ƙasa duka mallakar gwamnati, aka shiga yanka filaye ana raba wa talakawan birni. A 1985 aka ƙaddamar da yaƙi uku: da ƙona daji, da sare itace barkatai, da sakin dabbobi. Dasa itace ya zama aikin ɗan ƙasa. Biki, suna, baƙo ya zo daga wata ƙasa, duk sai an dasa. A wani taro a Paris a 1986 ya shaida wa duniya cewa an dasa itatuwa miliyan 10 cikin wata 15. Da yawansu sun mutu, domin dasawa rana ɗaya ce, ban-ruwa kuwa shekara uku ne, kuma itacen kowa da kowa ba shi da mai ɗaukar masa guga. Waɗanda suka rayu su ne na cikin gidaje. Amma ka duba abin daga idon ɗan zango. Kakansa an ce masa kada ya dasa. Shi kuma ga hukuma da kanta tana ce masa dasa, in ba ka dasa ba ma kai ne mai laifi. Mangwaron ƙofar gidanmu ranar ɗaurin auren iyayena aka dasa shi.

Baba na Puytenga zai fi ni tuna 1987, shekarar da aka hana shigo da 'ya'yan itace da kayan lambu daga waje. Tuffa ta ɓace daga tire. Mutanenmu 'yan kasuwa ne, saboda haka da yawansu sun ji a jikinsu, har yau in an tayar da zancen sai wani tsoho ya yi tsaki. Manufar ita ce a tilasta wa 'yan kasuwa su nufi yamma, Orodara da kewayenta, inda mangwaro da lemo ke ruɓewa a gindin uwa don rashin mai saye. A zamanin ne kuma koren waken da ake nomawa don Turai ya rasa jirgi, aka raba wa ma'aikatan gwamnati aka cire a albashi, har mutane suka koyi cinsa ba don suna so ba. Sankara ya sha cewa mai neman ganin mulkin mallaka ya leƙa cikin kwanonsa. An kashe shi ranar 15 ga Oktoba 1987, ana tsakiyar kaka. Tuffar kwali ta dawo abinta.

Ita magaryarmu ba wanda ya dasa ta. Akuya ce ko tsuntsu ya yar da ƙwallon a bayan madafa, ta tsiro. Babana ya so sarewa saboda ƙaya, Kaka ta ce sai dai a sare ta tare da ita. Hujjojinta uku ne. Yara na samun abin tsotsa. In 'ya'yan sun bushe ana daka su a yi akuri, irin wanda ta ci tana yarinya. Na ukun kuwa ba ta cika faɗa ba sai an matsa: da ganyen magarya ake wankan gawa, kuma ba ta son ranar da za a wanke ta a tafi roƙo gidan wani. Takan ƙara da cewa itacen da aka ambaci irinsa a sama ta bakwai, magaryar tuƙewa, ba a sa masa gatari don ya yage wa wani riga.

Ina ɗan shekara goma sha uku aka yi shekarar da Hausawan Wagadugu ba za su manta ba. Ranar 27 ga Mayu 2003 babbar kasuwa, Rood Woko, ta ƙone, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. A shekarar kuma aka tashi Zangwetin da unguwannin da ke jikinta, wajen hekta 85, don shirin nan na ZACA na mai da tsakiyar gari unguwar ofisoshi da manyan kantuna. An yi ta ja-in-ja kafin nan, har da limamai a gaba. A ƙarshe aka biya diyya, aka ba mutane filaye a wajen Waga 2000 da Nioko. Ƙanwar Kaka ta zauna wurinmu 'yan watanni kafin ɗakinta ya haɗu a sabon wuri. Abin da ya ba ni mamaki a lokacin, ban ji ta tana zancen ɗaki ko ƙofa ba. Zancenta kullum ceɗiyar ƙofar gida da ake karatun allo a gindinta, da wani lemon tsami da mijinta ya dasa. Sai da na girma na gane. Bulo ana sayensa, kwano ana sayensa, amma ba kasuwar da ake sayar da shekara arba'in ta itace. Zangon da ya ɗauki zuriya uku kafin ya yi inuwa, sai ga shi an koma rana tsaka ana farawa daga tsiro. Filin da aka share kuwa ya daɗe yana fitar da ciyawa kafin gine-gine su fara tashi.

Shekara shida bayan haka namu ya zo, ba daga hannun mutum ba. Talata, 1 ga Satumba 2009, muna cikin azumi, aka tashi da ruwa tun asuba. Milimita 263 ya zuba cikin yini guda, a garin da ruwan shekararsa duka bai cika wuce 800 ba. Barajoji suka tumbatsa, magudana ta yi amai, babban asibitin Yalgado ya cika da ruwa har aka kwashe marasa lafiya. Mutum wajen dubu 150 abin ya shafa. Paspanga da Dapoya muna cikin waɗanda suka fi jin jiki, don muna gangare. Katangarmu ta ƙasa ta narke kamar sukari, ɗaki biyu suka zauna. Maƙwabta da yawa aka kai su Yagma, can bayan gari, ba su dawo ba. Lambun su Inna ya koma yashi da leda. Amma kafin babbar Salla matan sun share, sun ja sababbin komaye. Salati ba ya dogon makoki, wannan ne amfaninsa ga wanda ba shi da tabbas. Magarya kuwa da ruwa ya janye tana nan tsaye, da tsummokara rataye a ƙayarta.

Aurenta ya zo bayan wasu shekaru, ta hannun ƙanena da ya koyi aiki wurin masu rainon itatuwa a bakin titin Bangr-Weoogo. Asalin abin daga Indiya ne, inda aka daɗe ana zaɓen irin magarya mai manyan 'ya'ya. Akwai Gola, akwai Umran, akwai Seb, kuma shi wannan na ƙarshe ma'anarsa tuffa da harshen Hindi, ka ga ashe ba Faransawa kaɗai ke wannan ruɗu ba. Cibiyoyin binciken noma, irin ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, su suka yaɗa shi a Sahel. Dabarar ba ta da wuya a faɗe. A datse magaryar gida, a jira ta yi sababbin rassa, a yanko ido daga reshen ta Indiya, a tsaga ɓawo a cusa, a naɗe da leda. In ya kama, saiwa tamu ce, wadda ta san fari da tsakuwa, kai kuma na baƙuwa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sauri. Mangwaro sai ka jira shekaru. Wannan kuwa cikin shekara guda take haihuwa. Kamar don mutanen da ba su da tabbacin gobe aka yi ta.

Kaka ta ƙi. Ni aka tura, don ni ne mijinta na wasa.

"Maigida, yanzu har magarya sai an yi mata aure? Wa ya biya sadaki?"

Na ce, "Kaka, ango daga Indiya yake, ba ya neman komai."

Ta ce, "Baƙon da ba ya neman komai shi ne mai cinye gida. Ganyen fa? In ya zama na Indiya, da shi za ku wanke ni?"

Aka yi sulhu. Ƙanena ya yi wa rassan yamma aure, reshen gabas aka bar mata yadda Allah ya yi shi. Kuma tsohuwar ba ta yi kuskure duka ba. Ta Indiya tana da girma da ruwa, amma ƙuda na yi mata ƙwai ta yi tsutsa, tsuntsaye da jemagu na rigan ka, sai an yi mata aski kowace shekara, kuma in ka tsinke ta kwana kaɗan ta yi laushi. Ba ta yin akuri. 'Yar ƙaramar tamu kuwa, in ta bushe ka zuba a tulu, sai ta kai wata kakar. Shekara huɗu da suka wuce Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Daga reshen gabas aka tsinko ganyen.

Yanzu maganar tashin masu lambu daga bakin baraji ta sake tasowa, kuma inda ake nuna musu shi ne koren ɗamarar da aka fara yi wa garin a 1976. Hekta 2,100 aka tsara za a dasa don tare iska da ƙura, aka yi wajen rabi aka tsaya, gidaje da juji suka cinye wani ɓangare. A 'yan shekarun nan an dawo kansa: ana haƙa rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana, ana dasa itatuwa, ana ba mutane komaye a tsakaninsu, har da waɗanda rashin tsaro ya koro daga garuruwansu, waɗanda a ƙidayar 2023 sun haura miliyan 2 a faɗin ƙasar. Mai shayar da kabejinsa yana shayar da itacen da ke kusa. Wato tsohon sharaɗin nan ya juye: da ana ba baƙo ƙasa in ba zai dasa itace ba, yanzu ana ba shi don ya raini itace. Na yaba da wannan. Amma ranar da itacen ya girma, inuwarsa ta hana kabeji yi, mai rainon zai ci 'ya'yan ne ko za a ce ya matsa gaba? Matan ƙungiyar su Inna sun rabu biyu a kan haka. Masu ƙuruciya da babur suna son tafiya. Tsofaffin sun ce ƙafarsu ba za ta kai su ba, kuma alkawarin bakin da suka sani ya fi musu wanda ba su sani ba.

Bana magaryar ta yi abin kirki. Roba shida muka tsinka daga rassan yamma, ban da abin da jemagu da yaran unguwa suka riga mu. An kai masallaci, an kai wa gidan Mosin nan masu ƙasa tare da kwandon kuɓewa, an aika Nioko wurin jikokin ƙanwar Kaka. Da na je lambu kai wa Inna nata rabon, sai na ga wasu 'yan itatuwa uku a bayan shinge, kusa da zogale, kowanne da leda naɗe a wuyansa. Magarya ce mai aure. Na ce, "Inna, dasawa kika yi a nan?" Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce in buɗe idona da kyau. Na duƙa. Ashe a cikin tsofaffin bokitai suke, ta huda musu gindi, ta binne su rabi don kada rana ta dafa saiwar, amma ta bar mariƙin a waje.

Baba, na ajiye maka naka a firjin ofis. Ba ta jure jira kamar ta kwali, saboda haka in motar Puytenga za ta shigo kafin Juma'a, ka aiko yaro.